Dawowa Ba Ta Shiga Kari

Inna ba ta kiran sunan yayana. Ɗan fari ne, mu kuma gidanmu a Kontagora gidan malamai ne masu jinin Fulani, inda uwa take kunyar ɗanta na fari har tsufanta. Idan za ta yi zancensa sai ta ce "wancan" ko "yayanki", ranar da ranta ya yi fari kuwa ta ce "mutumin bariki". Lokacin da aka tura shi aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa mai nisa, ya zo ya durƙusa ya yi mata sallama, iyakar abin da ta ce shi ne, "To, Allah ya tsare," ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni ce na yi kukan, har da majina, shi kuma yana yi mini dariya wai malamar makaranta guda ba ta jin kunya.

Abu ɗaya ne Inna ba ta yi wa kowa kara a kansa, shi ne waƙa. Baba, Allah ya jiƙansa, yana rubuta waƙa da ajami. Bai yi suna ba, waƙoƙinsa na wa'azi da na marsiyya ba su wuce zaurenmu da zaurukan abokansa ba. Amma duk baitin da ya rubuta, sai ya shigo cikin gida ya rera wa Inna kafin kowa ya ji. Ita ba ta san sunan kari ko ɗaya ba, abin da take da shi yatsa ne. Tana zaune da faifai a cinya, tana buga gefensa da yatsa ɗaya tana bin muryarsa. Muddin yatsan yana tafiya, baitin ya tsira. Da zarar ya tsaya sai Baba ya ce, "Ina?" ta ce, "Nan, ya yi ɗingishi." Ya koma ɗakin karatunsa yana ƙunƙuni, can kuma ya fito da gyara. Har ya bar duniya ba ta taɓa yafe masa gaɓa ɗaya ba.

A wannan gidan muka tashi, ni da Yaya, saboda haka ko faɗa za mu yi sai da amsa-amo. Da ya tafi, sai abin ya koma waya. Yakan turo saƙon murya da baiti biyu ko uku, yawanci a kan tuwona, wai gudajin da ke ciki sun isa a harbi abokan gaba. Ni kuma in rama da kunnuwansa, waɗanda hular soja ta kasa rufewa. Gidan aurena yana unguwa ɗaya da gidanmu, kullum in na tashi daga makarantar da nake koyar da Hausa can nake yada zango har la'asar. Sai in zauna kusa da Inna in kunna saƙon da ƙarfi kamar don kaina nake yi. Ita kuma ta kau da kai kamar ba ta ji, amma yatsan yana tafiya a gefen faifai. Ta haka take sanin yana raye, ba tare da ta tambaya ba, ba tare da na faɗa ba.

A wata na tara da tafiyarsa, cikin damina, saƙo ya ɗauke. Kwana uku ban damu ba, ya saba yin haka idan an fita da su. A rana ta biyar ina shirin makaranta na ji rediyo yana cewa an kai wa ayarin sojojin kiyaye zaman lafiya hari a ƙasar da yake, an rasa rayuka, ba a faɗi ko su wane ne ba. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Matarsa tana gidan iyayenta a Rijau da goyo, kafin in kai bakin titi ta kira ni tana kuka. Na daka mata tsawa na ce ta yi wa mutane shiru, sojoji nawa ne a ƙasar, na kashe wayar.

Inna tana da hawan jini, kuma likita ya taɓa ja mana kunne a kan labarin tashin hankali. Saboda haka na yi abubuwa biyu da har yau nake jin kunyarsu. Na cire batiran ƙaramin rediyonta na ce sun mutu, zan sayo wasu, kullum in ce na manta. Da kwanaki suka kai goma kuma, na nemo wani tsohon saƙonsa na watannin baya na kunna mata a matsayin sabo. Ta saurara har ƙarshe. Na koma gida ina yaba wa kaina wayo.

Na je bariki sau biyu. Wanda na samu ya yi mini magana cikin mutunci, ya ce babu wata sanarwa da ta zo game da shi, in da akwai da gida za a fara zuwa. Daga ranar na tsani ƙarar mota a lungunmu. Ko mai kai buhunan masara ne ya tsaya a ƙofar maƙwabta, sai gabana ya faɗi.

A rana ta goma sha huɗu na ce bari in rubuta masa waƙa. Ba don ina tsammanin za ta isa ba, saƙonnina duk suna nan da 'yar alamar nan guda ɗaya mai nuna ba su shiga ba. Na dai rasa abin da zan yi da hannuna ne. Na shiga ɗakin karatun Baba, wanda ba mai shiga sai don shara, na zauna a buzunsa da littafin da nake shirya darasi. Niyyata in tsokane shi kamar kullum, har na tanadi maganar kunnuwa. Amma da na buɗe baki, wata murya ce daban ta fito, mai tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu cike. Ban tambayi kaina daga ina ta zo ba, na bi ta kawai. Ga abin da na samu:

Yaya, ka bar mu cikin inuwa,
Kai can rana, aikin tsayuwa.
Mun sha ɗacin ranar rabuwa,
Yau ga mu muna zancen…

Nan na maƙale. Kalmar da nake so ita ce dawowa. Amsa-amon ya yarda da ita, tunda da "wa" ta ƙare kamar sauran. Karin ne ya ƙi. Kowane ɗango a waƙar yana ƙarewa da gaɓa biyu gajeru da ɗaya doguwa: i-nu-wa, tsa-yu-wa, ra-bu-wa, kamar mutum ya yi ɗan gudu taku biyu ya tsaya. Dawowa kuwa gaɓoɓinta uku duk dogaye ne, jan ƙafa take yi. Na juya ɗangon ta yadda lissafin zai cika, sai wutsiyarsa ta fita daban da ta 'yan'uwansa, kunnena ya ƙi karɓa. Na mayar da shi yadda yake.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne akwai kalmomin da suke shiga wurin daidai, kamar don su aka yanka shi. Guda biyu ne suka zo mini, kuma da zarar sun zo suka ƙi tafiya. Ɗaya mutuwa, ɗaya rasuwa. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa 'yanmata yadda ake yanka baiti, na nemi kalma ta uku na rasa. Tsoro ya toshe mini kai. Duk lokacin da na rero ɗangon na kai bakin gurbin, sai harshena ya fara lanƙwasa zuwa "ra", in datse shi da haƙori, in yi a'uziyya, in koma farko.

Kwana uku ina haka. In dawo daga makaranta, in gaida Inna, in shige ɗakin Baba, in rera ƙasa-ƙasa, in kai wurin in tsaya. A zatona ba mai ji. Na manta tagar ɗakin tana kallon rumfar da Inna take zama, na kuma manta wace ce Inna.

A rana ta uku an yi ruwa da azahar, gari ya yi shiru, sai ɗigar indararo. Ina cikin rerawa na ji wani sauti yana bina daga waje, ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas. Yatsa ne a gefen faifai. Ban iya tsayawa a tsakiya ba, na ci gaba har na kai "zancen", na yi shiru. Yatsan bai yi shiru ba. Ya ƙarasa bugu uku shi kaɗai, biyu da sauri, ɗaya a hankali.

Sai ga ta a bakin ƙofa. Tun rasuwar Baba ban ga ta taka ɗakin nan ba. Faifan yana hannunta a karkace, waken yana zubewa a ƙasa ba ta sani ba.

Ta ce, "Yaushe aka gaya miki?"

Na ce, "Aka gaya mini me, Inna?"

"Kada ki mayar da ni yarinya. Kin kwashe mini batir, na yi shiru. Kin kunna mini waƙar da na ji tun kafin azumi, na yi shiru, na ce bari in ga iyakarki. Yanzu kin shiga ɗakin malam kina wannan kari."

"Wane kari?"

"Da shi ya yi wa ƙaninsa marsiyya. Da shi ya yi wa malaminsa na Mashegu. Malam bai taɓa ɗaukar karin nan ba sai an dawo daga maƙabarta, ke ba ki sani ba?"

Wallahi ban sani ba, ko in ce kaina bai sani ba, kunnena ne ya sani. Ina ƙarama lokacin da Baba yake rera waɗannan marsiyyoyi, muryar ta kwanta a cikina ban san ranar da ta shiga ba. Da baƙin ciki ya zo nema, ita ya tarar a kusa. Na buɗe baki zan yi bayani, Inna ta riga ni.

"Kwana uku kina kaiwa bakin kalmar kina tsayawa. Ni na san abin da ke zama a wurin." Sai ta rera shi da kanta, da muryar da ban taɓa jin ta yi waƙa da ita ba: "Yau ga mu muna zancen rasuwa."

Daga nan ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, ta ce, "Ya rasu ko?" Shekaruna talatin da wani abu a lokacin, ban taɓa jin sunan nan daga bakinta ba. Ya fito mata baƙo, kamar kalmar wani yare. Ta dafa ƙyauren ƙofa, na ga jijiyar wuyanta tana harbawa, na tuna maganar likita.

Ni mai saurin fushi ce, kuma tsoro fushi yake zama a wurina. Maimakon in rarrashe ta sai na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na ce, "Inna, ki zauna! Wallahi tallahi ba wanda ya gaya mini komai! Ki zauna in nuna miki!" Na kama hannunta na zaunar da ita a buzun Baba, na durƙusa a gabanta na zazzage komai: rediyo, harin, zuwana bariki sau biyu, abin da suka ce, kukan matarsa, ƙaryar batir, ƙaryar tsohon saƙo. Na nuna mata wayar da saƙonnina jere da alama ɗai-ɗai, duk da na san ba ta gane su. Na ɗauko Alƙur'anin Baba daga kan kanta zan dafa, ta riƙe mini hannu ta ce ba sai na yi ba.

Ta saki hannuna. Can ta ce, "To in ba a ce ya rasu ba, mene ne kike ɓoyewa a ƙarshen baitin?"

Na ce, "Ba ɓoyewa nake yi ba. Dawowa nake so in sa, ta ƙi shiga."

"Faɗe shi in ji."

Na rera tun daga farko. Ta ɗora faifan a cinya, yatsan ya kama tafiya. Inuwa ta wuce, tsayuwa ta wuce, rabuwa ta wuce. Na ce, "Yau ga mu muna zancen dawowa." Yatsan ya tsaya cak a sama, kamar yadda yake yi wa Baba. Na jira in ji "ya yi ɗingishi".

Ta ce, "Sa shi haka."

"Inna, ya karye fa."

"Na ji ai, ba kurma ba ce ni. Na ce ki sa shi haka, ki aika masa yanzu ina zaune."

Na danna wayar na rera. Da na kai ƙarshe na ja kalmar da ƙarfi, da-wo-wa, ta fita a karkace kamar ƙafar kujerar da ta fi sauran tsawo. Na tura. Alama ɗaya ta fito ta zauna. Inna ta miƙe, ta dubi waken da ya watse a ƙasa ta ce in tsince shi tas, sannan in mayar mata da batirinta kafin magariba.

Kwana shida suka biyo baya, kuma sun fi na farko wuya, domin yanzu mu biyu ne muke jira a fili. Inna ta daina kau da kai. Ina shigowa za ta dubi hannuna, in girgiza kai, ta koma ga aikinta. Rediyon yana manne da kunnenta duk lokacin labarai. Abinci sai na tsaya a kanta, maganin hawan jinin ma sai na ƙirga mata a tafin hannu. Ba ta sake kiran sunansa ba, ba ta kuma ce "wancan" ba, ta daina ambatonsa gaba ɗaya, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Waƙar kuwa na rufe littafin ban sake dubawa ba, haushinta nake ji kamar ita ta jawo mana.

Ranar Laraba da hantsi ina cikin aji, wayar ta motsa a jakata. Na saba ba na dubawa a gaban ɗalibai, ran nan na duba. Alamomin duk sun zama bibbiyu, ga kuma saƙon murya daga lambarsa, na kusan minti biyu. Ban buɗe ba. Lambarsa ce, amma ban san muryar wa zan ji ba, na sha jin yadda abokin aiki yake ɗaukar wayar mutum ya kira gida. Na ba 'yan aji aikin da ban san me na ce ba, na fita na tari mai mashin. Duk ramukan ruwan da muka faɗa a hanya ban ji ko ɗaya ba.

Inna tana rumfa. Ta ga fuskata, ta ga wayar, ta ajiye abin da ke hannunta. Na ce, "Ban saurara ba." Ta ce, "Kunna."

Aka ɗan yi shiru da ƙarar iska, sannan aka yi sallama. Shi ne. Muryar ta dushe, a gajiye take, amma shi ne. Ya ce ayarinsu ne abin ya rutsa da shi, ya samu rauni a cinya, yana asibitin sansani, an cire abin da ya shiga, yana takawa da sanda. Ya ce sun rasa mutum biyu, ɗaya abokin kwanansa ne, a sa su a addu'a. Wayarsa sai yau ta dawo hannunsa. Daga nan ya yi ajiyar zuciya ya ce:

"Ke kuma Allah ya shirye ki. Na buɗe saƙonki na ƙarshe na ji karin Baba na marsiyya, na ce shi ke nan, Inna ce. Ina kwance ina jin baitin yana tafiya, na san kalmar da ke zuwa, na rufe ido. Sai na ji wata dawowa ta shigo tana ɗingishi ta fi ni. Kin kusa ƙarasa abin da mutanen nan suka fara." Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. "Amma tsakani da Allah, Inna tana lafiya kuwa? Yaya aka yi ta bar wannan ya wuce? Kuma wai ke malamar Hausa, haɗuwa fa? Yau ga mu muna zancen haɗuwa. Ai ta zauna daram. A gaishe ta, a ce ina neman gafara."

Saƙon ya ƙare. Ni kuka nake yi ina dariya, ina kuma jin kamar in nutse don kunya. Ha-ɗu-wa, gajeru biyu da doguwa ɗaya. Kalmar da 'yar aji ɗaya za ta samo kafin in juya baya, ni na yi kwana uku ina nema. Na dubi Inna. Hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba, leɓɓanta suna motsi da hamdala. Na jira ta gama, sannan na ce, "Inna, kin ji? Haɗuwa. Ashe akwai wadda ta shiga, mu duka ba mu gani ba."

Ta ce, "Wa ya ce miki ban gani ba? Tun kina rerawa a ɗakin malam ta zo mini."

"To me ya sa ba ki faɗa ba, kika bar ni na karya kari?"

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta jawo faifanta ta ɗora a cinya.

"Haɗuwa ko a lahira ana yi," in ji ta. "Ni dawowa na ce. Ki gaya wa wancan ya bar baitin yadda yake."